Yadda ake gwada tasirin bakteriyar hanjin ƙwaro a kan nematod mai kashe shi

Nematod, wato wasu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi masu zama a ƙasa, na jinsin Steinernema da Heterorhabditis ba su kaɗai suke kashe ƙwaro ba. Kowanne yana ɗauke da tasa bakteriyar a ciki, Xenorhabdus ga na farko, Photorhabdus ga na biyu, kuma da zarar ya isa jinin ƙwaron sai ya sake ta, ita kuwa ta gama da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Abin da ɗalibai kan manta shi ne akwai mai gida tun kafin baƙin su iso, wato bakteriyar da ke zaune a hanjin ƙwaron, wadda kan kwarara cikin jini idan nematod ya huda bangon hanji, sannan ta shiga gasar cin gawar. Ga yadda za a auna tasirinta a ƙaramin ɗakin gwaji.

A fara da samo tsutsar kaki, Galleria mellonella, wadda masu kiwon zuma suka sani sarai domin ita ke lalata musu saƙa a cikin amya. Bakteriyar Enterococcus ce ta fi yawa a hanjinta. Nematod kuwa daga ƙasa ake farauto shi ta dabarar da masu bincike Bedding da Akhurst suka bayyana a 1975: a ɗebo ƙasa mai danshi daga inuwa, a zuba a roba mai murfi, a jefa tsutsa biyar zuwa goma, a kife robar a wuri mai duhu, a riƙa dubawa bayan kwana biyu-biyu. Wadda ta mutu a wanke ta, a ɗora bisa jiƙaƙƙiyar takardar tacewa a kan ƙaramin faifai da ke zaune cikin babban faifai mai ruwa kaɗan. Wannan shi ne tarkon White, wanda ake amfani da shi tun 1927. Bayan kwana goma zuwa sha huɗu 'ya'yan nematod za su fito su gangara cikin ruwan.

Daga nan a raba lafiyayyun tsutsotsi gida huɗu. Kashi biyu su ci abincinsu yadda suka saba, kashi biyu a cakuɗa musu maganin kashe bakteriya, sannan a sa wa ɗaya daga kowane ɓangare nematod adadi guda, misali hamsin ga kowace tsutsa, a bar ɗayan haka nan domin kwatanci. A nan ne aikin ya fi lalacewa. Tsutsar da ta kusa rikiɗa ba ta cin abinci sosai, don haka sai a fara ba da maganin tun tana ƙarama. Kuma dole a janye shi kwanaki kafin a sa nematod, in ba haka ba ragowarsa a jiki za ta kashe Xenorhabdus ɗin ma, mai gwaji ya ɗora wa bakteriyar hanji laifin da ba nata ba. A ganina bai kamata a yarda cewa magani ya yi aiki ba sai an fede wasu tsutsotsi, an shafa abin da ke hanjinsu a faifan noman bakteriya an ga ya ragu da gaske.

A ajiye komai a zafin da bai wuce digiri 25 na ma'aunin Celsius da yawa ba, nesa da rana, domin zafin bazara kaɗai ya isa ya kashe nematod. A riƙa ƙirga matattu safe da yamma.

Launin gawa ma shaida ne. Wadda Photorhabdus ta mamaye takan koma ja kamar bulo, har takan yi ɗan ƙyalli a ɗaki mai duhu ƙirin, ta Xenorhabdus kuwa ruwan ƙasa-ƙasa ce, kuma dukansu ba sa wari domin waɗannan bakteriya suna fitar da sinadaran da ke danne abokan gasa. Gawar da ta yi baƙi, ta ruɓe tana ɗoyi, alama ce cewa wasu bakteriya sun yi rinjaye. A ɗibi ɗigon jinin gawar a shafa a faifan noman bakteriya irin wanda ake kira NBTA, inda Xenorhabdus kan fito shuɗiya, a ga ko ita kaɗai ce. A ƙarshe a mayar da kowace gawa tarkon White ita kaɗai, a ƙirga 'ya'yan da suka fito a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a rubuta adadin kowane kashi daban.