Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska

Jirgin farko da na haɗa tsawonsa santimita 30 ne, na sassaƙe shi daga guntun katakon da wani kafinta ya yar, na kafa masa sanda doguwa, na ɗaura masa farin ƙyalle har ya yi kama da wanda na gani a hoto. Ina ɗora shi a kan ruwa iska ta ɗan hura, sai ya kwanta a gefe, ƙyallen ya sha ruwa, bai sake tashi ba. Kusan duk wanda ya fara wannan sha'awa ta nan yake faɗuwa, domin yana ɗauka cewa idan aka kwaikwayi siffar babban jirgi daidai, ƙaramin ma zai yi tafiya irin tasa.

Lissafi ne yake ƙaryata wannan zato. Idan aka rage tsawon jirgi sau 10, girman ƙyallen da yake kama iska yana raguwa sau 100, amma nauyin jirgin yana raguwa sau 1,000, alhali kuwa iskar da take kaɗawa a bakin tafki ba ta ragu da komai ba. Saboda haka ƙaramin jirgi yana buƙatar abin da zai riƙe shi daga ƙasa fiye da yadda babba yake buƙata. Wannan abin shi ne allo siriri da ake kafawa a ƙarƙashin cikin jirgi yana kallon ƙasa, wanda zan kira ƙafar jirgi, tare da nauyi a can ƙarshensa. Masu gasar jiragen da tsawonsu mita ɗaya ne a Turai da Amurka suna da ƙa'idar cewa nauyin jirgi kada ya gaza kilo 4, kuma fiye da rabin wannan nauyi yana cikin ƙafar ne. Ga jirgi mai santimita 30, ƙafa mai zurfin santimita 10 zuwa 12 tana wadatarwa. Hanyar gwaji kuwa mai sauƙi ce: a cika baho da ruwa, a kwantar da jirgin da yatsa har sandarsa ta kusa taɓa ruwa, sannan a sake shi. Idan ya miƙe nan take, an dace. Idan ya yi jinkiri, sai a ƙara nauyi a ƙasan ƙafar ko a rage tsawon sanda, kada a zuba nauyin a cikin jirgin, domin nauyin da yake sama ba ya taimakawa sai dai ya ƙara nutsar da shi.

A nan akwai abin da ya kamata a yi hattara da shi. Mutane da yawa suna amfani da darma saboda ta fi ƙarfe nauyi, har wasu su fasa tsohon batirin mota su narkar da ita a gwangwani a tsakar gida. Darma guba ce, kuma abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ta kashe ɗaruruwan yara, ya isa ishara. Manyan notuna biyu ko uku da aka ɗaure da waya aka lulluɓe da gam suna yin aikin, ko da yake sun ɗan fi girma.

Kuskure na gaba yana wajen zaɓen katako. Katako mai nauyi irin na maɗaci yana cinye nauyin da ya kamata a ajiye wa ƙafa, sai jirgin ya zauna can cikin ruwa kamar an yi masa lodi. Masu wannan aiki a ƙasashen waje sun fi son balsa, wani katako marar nauyi wanda yawancinsa daga ƙasar Ikwado yake fitowa, kuma wanda bai samu ba yana iya neman rimi, domin dangin balsa ne kuma ba shi da nauyi. Ko da wane katako aka yi, a rarake cikinsa da kurfi, a bar kaurin bango kamar rabin santimita, sannan a rufe saman da siririn allo. A zana layi a tsakiyar katakon tun kafin a fara sassaƙa, a riƙa auna dama da hagu daga wannan layi, domin jirgin da gefe ɗaya ya fi ɗaya kumburi zai riƙa zagaye wuri ɗaya ne komai gyaran da aka yi masa daga baya.

Sai maganar gam da fenti, wadda gaggawa ce take ɓata ta. Farin gam na kafinta yana laushi idan ya daɗe a ruwa, don haka ƙafa da rufin sama a manna su da gam mai haɗi biyu, wanda ake cuɗawa kafin a shafa. Fentin mai kuma a shafa shi siriri sau uku, ana bari kowane ya bushe ana goge shi da sanfefa mai laushi, kuma kada a manta da ramin sanda, domin ta nan ruwa ya fi shiga ya kumbura katako.

Abin da ya fi ba sabon hannu wahala, a ganina, shi ne inda za a kafa sanda. Jirgi yana iya tsayawa cak bai kife ba, amma da an sake shi sai ya juya hancinsa cikin iska, ƙyallen ya yi ta faɗa-faɗa, ya tsaya wuri ɗaya; ko kuma ya juya wa iska baya ya bi ta duk inda ta nufa. Dukansu biyun alama ce ta cewa turin da iska take yi a sama bai yi daidai da riƙon da ruwa yake yi wa ƙafa a ƙasa ba. A sa jirgin a baho, a tura shi ta gefe da bakin fensir, ana matsar da fensirin gaba da baya har a sami wurin da jirgin yake tafiya a gicciye ba tare da ya juya ba, a yi alama a nan. Tsakiyar ƙyallen ya kamata ta faɗo kaɗan gaba da wannan alama. Jirgin da yake juyawa cikin iska a matsar da sandarsa gaba, wanda yake gudun iska kuma a mayar da ita baya. Shi ya sa nake huda ramuka uku a jere, santimita ɗaya tsakanin kowanne, maimakon in manne sandar tun ranar farko. Allon juyawa na baya a bar shi a miƙe kafin a gama wannan gyara, domin idan aka karkatar da shi don ɓoye matsalar, gudun jirgin ne yake raguwa.

Ƙyallen auduga yana shan ruwa ya yi nauyi, ƙyallen tsohuwar laima kuwa ba ya sha, kuma ana iya ƙona bakinsa kaɗan da wuta don kada ya zare. Kada a ɗaure shi tamau a tsakiyar jirgi: a sassauta zaren har ƙasan ƙyallen ya buɗe zuwa gefe, kuma a sake jirgin iska tana zuwa masa daga gefe, tun da babu jirgin ruwa mai ƙyalle da yake iya fuskantar iska kai tsaye.

A Landan ana sakin irin waɗannan jirage a tafkin Lambun Kensington, a Faris kuma a na Lambun Luksambur, wurare ne masu dakali da mutum yake zagayawa ya tari jirginsa a ɗaya gefen. Kududdufan damina ba haka suke ba, suna da zurfi da laka da tsargiya. A ɗaura zaren fatsa mai tsawo a hancin jirgin kafin a sake shi, don a jawo shi daga tudu idan iska ta ɗauke, kada yaro ya shiga ruwa ɗauko shi.