Darasi na 9: Koya wa Kare Murmushi

A ƙauyukan da ke gefen Argungu da Yauri, da wuya ka shiga unguwa ba ka ga kare ba. Wani na farauta ne, wani na gadin garke, wani yana kwana a bakin rumbu saboda ɓarayi. Addini ya yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka horar. Horon kare tsohon abu ne a wurinmu. Abin da ya yi mana yawa a ciki shi ne sanda.

Yau za mu koyi horo da lada da yabo. Mun zaɓi murmushi ne don ƙaramin abu ne, kowa zai iya gwadawa a tsakar gida. Wanda ya iya wannan, ya iya koya wa karensa "zo" da "zauna" da "bari", domin hanyar ɗaya ce.

Kafin komai, a san irin yaƙen

Kare yana nuna haƙora iri biyu, kuma rikita su yana kai mutum asibiti. Idan ya dawo daga daji ya tarar da mai shi, za ka ga jikinsa ya saki, yana kaɗa wutsiya har da ƙugu, ya kwantar da kunnuwa, ya ɗan runtse ido, sannan ya ɗage leɓen sama haƙoran gaba su fito. Wannan gaisuwa ce. Shi muke nema.

Ɗayan kuwa gargaɗi ne. Jiki ya sandare, gashin baya ya tashi, ido ya kafe a kanka, hanci ya tattare, ga gurnani daga maƙogwaro. Idan ka ga haka, ja da baya sannu a hankali. Kada ka ba shi komai, kada ka dake shi. Karen da ke yi wa mutanen gida gurnani ba a yin wannan darasi da shi.

Akwai kuma buɗe baki da zaro harshe a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai zafi. Wannan haki ne, da shi kare ke sanyaya jikinsa, tunda ba ya gumi kamar mu. Ruwa da inuwa yake so.

Ladan

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Haka abin yake. Nemi dafaffiyar hanta ko tsokar busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ka yayyanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Ka zuba su a aljihu inda hannu zai kai da sauri. Ban da kilishi da tsire, saboda yaji. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, goro da cakulan ma guba ne a gare shi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke shi a ciki.

Yadda ake yi

Zaɓi kalma ɗaya gajeriya, misali "Dara!" Kada yau ka ce "dara", gobe ka ce "yi murmushi". Mutanen gida ma su riƙe wannan kalmar.

Da safe kafin ya ci abinci, ka tsuguna a gefensa, ba a gabansa ido cikin ido ba. Ka jira lokacin da yake ɗage leɓe da kansa, kamar sa'ad da ka fito daga ɗaki yana murnar ganinka. Leɓen na ɗagawa, ka ce "Yauwa!" da sakin murya, ka sa masa hanta a baki. A nan duk aikin yake. Tsakanin ɗaga leɓen da "yauwa" kada ya wuce ƙiftawar ido. Idan ka tsaya laluben aljihu har ya zauna ya soma susa, to susa ka biya, kuma susa zai ƙara yi maka gobe.

Na ga wannan da idona wurin wani tsohon mafarauci da ke zuwa ajinmu. Ya yi kwana uku yana fama da ɗan kwikwiyonsa, sai ya zo yana ƙorafi.

"Malam, karen nan daƙiƙi ne. In na ce dara sai ya yi atishawa."

Na ce, "Baba, yi a gabana in gani."

Ya tsuguna, ya sosa gashin bakin kwikwiyon da ɗan yatsa. Leɓe ya ɗaga. Baba ya juya yana kwance ƙullin leda, kafin ya kwance kwikwiyon ya yi atishawa, sannan hanta ta iso. Ajin duka aka fashe da dariya, har shi Baban. Kwikwiyon ya koyi darasinsa sarai, malaminsa ne ya makara.

Wannan sosa gashin baki dabara ce ga karen da ba ya ɗage leɓe da kansa. A yi ta a hankali. Idan ya kau da kai ko ya lashe hanci ya ja baya, ya gaji ke nan, a ƙyale shi.

Idan ya fara maimaitawa don neman lada, sai ka shigo da kalmar. Ka ce "Dara!" tukuna, ya ɗage leɓe, ka ce "Yauwa!", ka ba shi. Minti 5 ya isa, sau 2 a rana. In ya yi kuskure, shiru kawai, babu lada babu tsawa. Da ya ƙware sai a rage hantar: wani lokaci a ba shi, wani lokaci a shafa masa wuya a yabe shi. Wani kare yana ganewa da wuri, wani sai an yi haƙuri da shi.

Tunda hannunka zai riƙa zuwa kusa da bakinsa

Babban kare haƙora 42 gare shi, kwikwiyo 28. Kada ka fara sai an yi masa allurar rigakafin haukan kare. Ana yin ta daga wata 3 da haihuwa, a sabunta yadda likitan dabbobi ya ce. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa wannan allura. Idan haƙori ya karce ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar. Cutar in ta bayyana a jikin mutum ba ta da magani. A ware wa kare kwanonsa, a wanke hannu bayan horo, kuma kada yara su kai fuskarsu bakinsa don su ga "dariyar".

Aiki

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: kare, leɓe, haƙori, lada, yabo. Lura da ƙugiyar ɓ da ƙ.
2. Faɗi alamu biyu na karen da ke gargaɗi.
3. Idan ka yi horo na minti 5 sau 2 a rana, minti nawa ke nan a kwana 7?
4. Me ya sa kwikwiyon Baba yake atishawa? Rubuta amsar a jimla ɗaya.