Kurakuran da Ake Yi Wajen Zaɓen Dillalin Feftayid na Binciken Ƙwaƙwalwa

Feftayid gajeren jeri ne na amino asid, wato ƙananan sinadaran da ke haɗuwa su gina furotin, kuma wasu daga cikinsa, irin su Semax da Selank, sun yi suna a intanet a matsayin masu ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Dukansu biyun a Rasha aka haɗa su, kowanne da amino asid 7, kuma a can an yi musu rajistar maganin ɗigawa a hanci, amma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da su ba. Malami ko ɗalibin digiri na biyu a Gusau, Birnin Kebbi ko Aliero da ke son gwada su a kan ɓeraye yakan sayo su ne daga ƙetare, a hannun mutanen da bai taɓa gani ba, kuma daga nan ne ɓarna take farawa.

Babban kuskure shi ne gamsuwa da takardar shaidar gwaji don kawai dillali ya turo ta. Takarda ɗaya tana iya yawo shekara da shekaru a kan kaya daban-daban, don haka abin dubawa na farko shi ne ko lambar rukunin da ke jikin kwalba ita ce a takardar, sannan kwanan watan gwajin da sunan ɗakin gwajin da ya yi shi. Idan akwai suna, a rubuta musu kai tsaye a tambaya ko su suka fitar da ita. Dillalin da ya ce zai turo takarda bayan an biya kuɗi, ko ya turo hoton da aka yanke samansa, ya riga ya ba da amsa.

Ko takardar ta gaskiya ce, da yawa ba sa karanta ta yadda ya kamata. Idan an rubuta tsafta kashi 98 ko 99 cikin 100 bisa gwajin HPLC, mai rarrabe sinadaran da ke cikin abu, ma'anarsa ita ce sinadari guda ne ya rinjaya a cikin hodar, amma wannan gwajin shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa sinadarin shi ne wanda aka saya. Ana buƙatar gwaji na biyu, na auna nauyin ƙwayar sinadarin, wanda zai nuna ko nauyin ya dace da jerin amino asid ɗin da ake nema. Akwai kuma wani abu da ko ƙwararru sukan manta: wani kaso na nauyin hodar gishiri ne da danshi da suka rage daga sarrafawa, saboda haka miligiram 10 a kwalba ba miligiram 10 na feftayid zalla ba ne. Wanda bai nemi adadin ainihin feftayid ɗin ba zai lissafa awonsa a kan ƙarya, sakamakon bincikensa kuma ya bi ta. Idan za a yi wa dabba allura, a nemi shaidar gwajin dafin ƙwayoyin cuta, domin zazzaɓin da dafin ke jawowa yana sauya halin ɓera, a ɗauka aikin feftayid ne.

Sai ruɗin araha. An ce araha ba ta ado, kuma mai sayarwa ta WhatsApp, wanda ba shi da adireshi ko rajistar kamfani, yake kuma neman a tura kuɗi asusun wani mutum, ba wanda za a kama idan kaya suka ɓaci. Gyara shi ne a saya da sunan sashen jami'a, da rasit, bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da aikin, sannan a tuntuɓi NAFDAC kan izinin shigo da sinadarai kafin a biya, ba bayan kwastan sun riƙe kaya a Legas ba.

Zafin ƙasarmu ma yana cikin lissafi. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Kebbi da Zamfara, alhali ana ajiye busasshiyar hodar feftayid ne a digiri 20 ƙasa da sifili, kuma da zarar an narka ta a ruwa sai ta fara lalacewa da sauri. A tambayi dillali yadda yake naɗe kaya da kwanakin da za su yi a hanya, a kuma tabbatar firizar ɗakin gwaji tana da sola ko janareta kafin kaya su iso.

Kuskuren da ya fi duka haɗari shi ne ɗaukar hodar bincike a matsayin magani. Rubutun jikin kwalba da ke cewa don bincike kaɗai aka yi ta yana nufin ba wanda ya ɗauki alhakin tsaftarta ga jikin ɗan Adam, kuma dillalin da ke koya wa mai saye yadda zai ɗiga ta a hanci kafin jarrabawa ya fita daga sahun amintattu. Ya kamata Musulmi ya kuma sani cewa Cerebrolysin, wani maganin allura da ake tallatawa tare da su Semax da Selank, daga ƙwaƙwalwar alade ake sarrafa shi. Ɗalibin da mantuwa ke damu ya je asibiti a duba masa ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da yanayin barcinsa.