Kurakuran da Ke Kashe Dashen Murjani

Wanda ya ɗauki murjani a matsayin dutse ya fara kuskure tun kafin ya shiga ruwa. Dabba ne, tarin 'yan ƙananan halittu masu baki da 'yan hannaye, waɗanda ke gina wa kansu gida na farar ƙasa. A cikin namansu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke sarrafa hasken rana ta ciyar da su, ita kuma ke ba su launi. Duk abin da ya tare haske, ko ya dame ruwa, ko ya ɗumama shi fiye da kima, cikin murjani ya taɓa.

Shi ya sa babban kuskure shi ne a yi dashe, wato a kafa rassan murjani a ƙasan teku don su girma, a wurin da abin da ya kashe na farko yana nan daram. In laka ce ke gangarowa daga kogi, za ta binne sabon dashe kamar yadda ta binne tsohon. In ƙazantar gari ce ko takin gona, ciyawar teku za ta yi ƙiba ta rufe shi cikin 'yan watanni. A fara gano musabbabin. A duba kuma ko akwai masu kiwon ciyawar, wato kifin nan mai baki irin na aku da bushiyar teku. Tekun Karibiya shaida ne: cuta ta ƙarar da bushiyar teku a 1983 da 1984, ciyawa ta mamaye wurare da dama a Jamaika. Ƙasar Beliz ta hana kamun kifi mai bakin aku a 2009 saboda wannan dalili. Inda babu masu kiwo, sai ma'aikata su riƙa bi da buroshi, kuma wannan wahala ba ta ƙarewa.

Sai ƙasan da za a kafa shi. Inda aka taɓa kamun kifi da nakiya, ɓarɓashi ne ke rage wa, igiyar ruwa na juya shi dare da rana. Reshen da aka ɗaura a kai zai yi ta gogewa har namansa ya saɓule. A Sulawesi ta Indonesiya ana kafa 'yan ƙarafa masu kusurwa 6 da aka shafe da gam da yashi, a haɗe su da juna, su danne ɓarɓashin, sannan a ɗaura rassa a kansu. Kada a ce kowane tarkace zai yi. A shekarun 1970 an zuba tsofaffin tayoyi kusan miliyan 2 a gaɓar Florida da sunan gina wa kifi mazauni. Igiyoyin da aka ɗaure su da su suka tsinke, tayoyin suka bazu suna farfasa murjanin da ke raye, aka koma kashe kuɗi wajen kwashe su.

A wajen ɗauri ma ana sakaci. A kankare dutsen da buroshin ƙarfe har sai ya fito fes, a manna reshen da siminti ko gam na cikin ruwa, ko a buga ƙusa a ɗaure shi da maɗaurin roba. Sannan a taɓa shi da yatsa. In ya motsa ko kaɗan, ba zai kama ba, a sake. Reshe mai tsawon santimita 5 zuwa 10 ya fi ɗan guntu jurewa, kuma kada a yanki fiye da kashi 10 cikin 100 na uwar da aka ɗebo daga jikinta.

Akwai kuskuren da ba ya nuna kansa sai an daɗe. Rassa 500 da aka yanko daga uwa ɗaya, halitta ɗaya ce aka maimaita. Cuta guda za ta share su, kuma lokacin zubar da ƙwai da wuya su haifar da komai a junansu. A ɗebo daga iyaye daban-daban masu nisa da juna, a rubuta asalin kowane reshe. Masu aiki sun fi son mai rassa kamar ƙahon barewa don yana ƙara santimita 10 ko fiye a shekara, hoto ya yi kyau, mai ba da tallafi ya ji daɗi. Amma shi ne zafi ke fara kayarwa. Dunƙulallen murjani da ƙyar yake ƙara santimita 1, sai dai ya fi juriya. A gauraya su.

Zafi kuwa ba ya son ganganci. Ruwa ya haura zafin watan da ya fi zafi da digiri 1 na makonni 4, murjani zai kori gansakukarsa ya koɗe ya yi fari fat. Ya kai makonni 8, mutuwa ta fara. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, na fitar da taswirar wannan gargaɗi kyauta a intanet, a duba kafin a sa ranar dashe. A Yulin 2023 masu renon murjani a Florida sun kwashe dubban rassa zuwa tankuna a tudu don su tsira. Kuma fari ba mutuwa ba ne: muddin nama na nan, yana iya farfaɗowa, kada a cire shi.

In tauraron teku mai ƙaya, wata dabba mai hannaye da yawa da ke cin murjani, ya sauka a wurin, kada a sassara shi, don yana iya warkewa. Allurar binega mililita 20 a gindin hannunsa ta isa ta kashe shi cikin kwana biyu.