Yadda mai bi zai tsira daga hukuncin Allah

Awon gero nake yi a kasuwar Dole, nan Damagaram, kuma abin da zan faɗa maka, ɗan'uwa, a bakin tiya na koye shi.

Fara da bangaskiya. Buɗe Yohanna 3:18 cikin Littafi Mai Tsarki ka karanta da kanka: wanda ya gaskata da Ɗan Allah ba a yi masa hukunci. Romawa 8:1 ma haka ta ce. Baiko a majami'a da azumi ba su sayen ceto, Yesu Almasihu ya riga ya biya a kan gicciye.

Amma Yakubu 2:17 ta ce bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce. Nan ne na daɗe ina tuntuɓe. Shekaru ina danna gindin tiya ciki don awo ya ragu, ran Lahadi kuma ina gaba-gaba wajen waƙa a majami'a. Ranar da Karin Magana 11:1 ta soke ni, cewa ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, na sayi sabuwar tiya, na bi waɗanda na tuna na cika musu geronsu. Kai ma duba taka sana'ar, ka mayar da abin da ka ci.

Kowane dare kafin ka kwanta, furta zunubinka da sunansa, bisa ga 1 Yohanna 1:9.

Sai gafara. Cikinmu akwai masu ɗauke da ciwon Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a garin nan. Karanta Matiyu 6:15, inda aka ce in ba ka gafarta wa mutane ba, Allah ma ba zai gafarta maka ba, sa'an nan ka je ka gaida maƙwabcin da ka daina gaisarwa.