Yadda Ake Tuƙa Allon Ruwa a Tsaye a Kogi Mai Gudu, da Kayan da Ake Buƙata

Tuƙi a tsaye ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Duk wanda ya taɓa tsallaka ruwa a Wudil ko Ringim ko Haɗeja ya ga mai fito tsaye a ƙarshen kwalekwale yana dogara sanda, ko gezau ba ya yi. Abin da ya zo sabo shi ne allon: wani faffaɗan abu da ake hura wa iska har ya yi tauri kamar katako, mutum ya hau ya tsaya, ya riƙe dogon filafili yana tuƙawa. Wasan ya samo asali ne daga tsibiran Hawai na Amurka, ya bazu a duniya bayan shekarar 2000, daga baya masu son kasada suka ɗauke shi daga bakin teku suka kai shi kogunan da ke gangarowa tsakanin duwatsu suna kumfa. A shagunan intanet da sunan SUP ake sayar da shi.

Ina son matasanmu su koye shi, domin yana gina jiki kuma yana sa mutum ya san kogin garinsu. Sai dai ruwa mai gudu yana da dokarsa, kuma yawancin abin da zan faɗa a kanta ne.

Mataki na 1: iyo da rigar ruwa

In ba ka iya iyo ba, ajiye maganar allo tukuna. Ko ka iya, ba a shiga sai da rigar ruwa, wadda ke hana nutsewa. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwa na Bagwai ba a ƙarshen Nuwamban 2021, inda aka yi asarar rayuka da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Rigar da ta dace da wannan wasa ita ce mai soso a ciki, gajera, wadda ba ta hana kafaɗa motsi. Ka sa ta, ka ɗaure maɗauranta, ka ce wa abokinka ya kama ta daga kafaɗu ya ja sama. In ta zame ta rufe maka kunne, ta yi yawa, ruwa zai tuɓe ta. Mai hurawa da baki ko tayar mota ba su tsaya a madadinta ba.

Mataki na 2: haɗa sauran kaya

Allon kogi daban yake da na tafki. Gajere ne, ƙafa 9 zuwa 10 a tsawo, faɗinsa inci 34 zuwa 36, kaurinsa inci 6, gabansa a ɗage don kada ya riƙa nutsa hanci cikin kumfa. Na hurawa ya fi, saboda in ya bugi dutse ba ya tsagewa, kuma yana naɗuwa ya shiga jaka a ɗora a babur. Ana hura shi da famfon hannu mai ma'auni, galibi zuwa 15 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira psi, amma ka bi lambar da aka rubuta a jikinsa. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan fikafikai masu daidaita tafiya. Ka zaɓi gajeru na roba masu lanƙwasa, domin dogon fiffike in ya kama dutse ko yashi, allon zai tsaya cak, kai kuma ka wuce gaba da fuska.

Filafilin kada ya wuce tsawonka da fiye da taƙi ɗaya, kuma bakinsa ya zama mai jure bugun dutse. Hular kwano ta ruwa, mai ramukan fitar da ruwa, wajibi ce duk inda akwai dutse. Ta babur ba ta yi, tana cika da ruwa ta ja kai ƙasa. Takalmi sau-ciki mai ƙasan roba, ba silifa ba. Wando da riga masu kama jiki, ba kaftani ko jallabiya ba, don yalwataccen tufafi na naɗe ƙafa. Sai usur a maƙale jikin rigar ruwa, ƙaramar wuƙa a cikin kube, da jakar ceto, wato igiya mai tasowa saman ruwa, mita 15 zuwa 20, a cushe cikin jaka don a jefa wa wanda ruwa ya ja. In da hali, a ƙara makarin gwiwa da ƙwauri.

Mataki na 3: maganar igiyar da ke haɗa ka da allo

Nan nake so ka nutsu. Kusan duk allon da za ka saya yana zuwa da igiya mai maɗauri a idon sawu. An yi ta ne don teku da tafki, inda iska kan tafi da allo ta bar mutum. A kogi mai gudu wannan igiya tana kisa. Ka faɗa ruwa, kai ka bi ta hagun wani kututture, allon ya bi ta damansa, igiyar ta sarƙe a tsakani. Ruwa na tura ka, ƙafarka na ɗaure a baya, kanka ya nutse, kuma ƙarfin ruwan ba zai bar hannunka ya kai idon sawu ka kwance ba, komai ƙarfinka.

Don haka a kogi ko dai kada ka ɗaura igiya sam, ko ka ɗaura ta a ɗamarar ƙugu mai saurin kwancewa, wadda ke da wani ɗan ƙwallo a gaba, da ka fizge shi sai ta saki. Ka gwada fizgar a kan tudu har hannunka ya saba, da dama da hagu, ido a rufe. Sannan ka gwada a ruwa marar zurfi wani na jan allon. Allo in ya tafi ana iya tsintarsa a gaba, ko a sayi wani.

Mataki na 4: koyo a ruwan da ke kwance

Ka fara a gefen tafki ko madatsa, inda zurfin bai wuce ƙirji ba kuma nesa da inda ake sakin ruwa. Da sassafe ya fi, kafin iska ta taso. Fara da durƙuso a tsakiyar allon, daidai wajen mariƙinsa, ka yi tuƙi a haka. Sai ka ɗora filafili a gicciye gabanka, ka ɗago ƙafa ɗaya, ka ɗago ɗayar, ka miƙe a hankali. Ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido a gaba. Mai kallon ƙafarsa shi ke fara faɗuwa. Hannu ɗaya a kan filafili, ɗaya a tsakiya, ka nutsa bakinsa gaba ɗaya a gaba, ka jawo har daidai ƙafarka ka cire. Ƙugu da baya ke yin aikin, ba damtse ba.

Ka koyi faɗuwa da gangan: nesa da allon, a shimfiɗe, ba da kai ba kuma ba da ƙafa a miƙe ba. Ka koyi komawa kan allon daga gefe, ka kama mariƙi ka harba ƙafafu a baya ka ja cikinka sama. Sai wannan ya zama maka ba komai sannan a yi zancen kogi.

Mataki na 5: karanta kogin daga tudu

A duniya an kasa ƙarfin gudun kogi mataki 6. Na 1 ƙananan igiyoyi ne, na 6 kuwa ko ƙwararru na gudunsa. Mai koyo yana tsayawa a na 1, ya daɗe, kafin na 2. Kogunanmu yawanci na yashi ne masu faɗi. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa gabanin Wudil su zama Kogin Haɗeja, kuma gudunsu ya danganta da damina da kuma ruwan da aka saki daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa a Ƙaraye, ta 1992. Ruwa mai karo da duwatsu sai can kudancin Kano, wajen Tudun Wada da Doguwa. A watan Agusta, in kogi ya kawo ya yi ja yana ɗauke da itatuwa, ba lokacin wasa ba ne.

Da ɗan gari kan ci gari. Ka je wajen Sarkin Ruwa ka gaishe shi, ka ce: “Ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo mu, ina ne za mu bi, ina ne za mu kauce?” Shi da masunta suka san gurbin da ke juya ruwa, da inda masu haƙar yashi suka bar rami, da inda aka kafa taru ko aka shimfiɗa mamari mai ƙugiyoyi, da inda kada yake. Bayan haka ka taka gaɓar da ƙafa daga inda za ka shiga har inda za ka fita. Ka lura da bishiyar da ta faɗa ruwa, ginshiƙan gada, da duhuwar kachala, musamman a Jigawa. Duk abin da ruwa ke ratsawa amma jiki ba ya ratsawa tarko ne.

Ƙananan shingayen siminti da ake gittawa a kogi, ka fito ka ɗauki allonka ka zagaye su. Ruwan da ya zubo daga kansu yana naɗowa baya ya riƙe mutum. A Oktoban 2021 hatsari a irin wannan shinge a garin Haverfordwest na yankin Wales a Birtaniya ya yi sanadin rasuwar mutum 4 masu wannan wasa. Magudanan noman rani na wajen Kadawa da Kura ma ba wajen shiga ba ne, gefensu santsi ne kuma akwai ƙofofin ruwa a gaba.

Mataki na 6: shiga gudun ruwa

Kada ku gaza mutum 3, ɗaya a tudu da jakar ceto a ƙasan wurin. A bayan kowane dutse ko kwana akwai lungun da ruwa ke lafawa har ya ɗan koma baya. Nan ne wajen hutawa, kuma tafiyar kogi daga lungu zuwa lungu ake yin ta. In za ka fita daga lungun, ka sa hancin allon ya kalli inda ruwa ke zuwa, a ɗan karkace, ka ja da ƙafa ɗaya baya kaɗan, ka ƙara durƙusawa. Da ka shiga gudun, ka ɗan danna gefen allon da ke ɓangaren gangare, domin in gefen sama ya nutse ruwa zai hau kansa ya kifar da kai. Filafili ya zauna cikin ruwa, shi ne ƙafarka ta uku. In ka ga abin ya fi ƙarfinka, koma durƙuso, ba abin kunya ba ne.

In ka faɗa, kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon gangare, yatsu a saman ruwa, ka riƙa jan ruwa da hannu zuwa gaɓa. Kada ka yi yunƙurin tsayawa a ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwan ya danne ka. In an jefo igiya, ka riƙe ta a ƙirji kana rigingine, kada ka naɗe ta a hannu. Busa usur sau 3 alamar neman ɗauki ce, kowa ya san da haka kafin a shiga.

Bayan an fito

Kada ka bar allon a hure cikin ranar Kano. Iskar ciki na kumbura ta ɓalle ɗinkin, don haka ka rage ta ko ka kai shi inuwa, ka wanke yashin, ya bushe kafin ka naɗe. Kai ma ka yi wanka da ruwa mai tsabta ka goge jiki. Tsargiya na nan a ruwan madatsu da fadamunmu, ta fata take shiga. In bayan wasu makonni ka ji zazzaɓi ko ka ga jini a fitsari, je asibiti ka gaya musu ka shiga ruwa, akwai maganinta.