Idan injin pinball (injin wasan buga ƙaramar ƙwallon ƙarfe) yana ta ƙona fiyus

Da farko dai cire filogi daga soket, kashe makunni kawai bai isa ba. Ciro fiyus ɗin gaba ɗaya ka auna da mitar awon lantarki, ido yana yaudara wallahi, wani zaka ganshi garau alhali ya yanke daga ciki.

In ya mutu ka sa irinsa sak, amfiya ɗaya, in mai jinkirin ƙonewa ne shima haka. Don Allah banda naɗa waya, bod ɗin zaka babbake.

Sai ka kunna ka lura. In nan take fiyus ɗin ya sake ƙonewa, zargi birij rektifaya, wato abin dake juya wutar AC zuwa DC. In kuma baya ƙonewa sai wani koyil (naɗin wayar dake motsa abin buga ƙwallo) ya buga, to leƙa ƙasan filin wasan ka duba dayod (ɗan abin dake barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai) dake jikin koyil ɗin, yawanci 1N4004 ne, ɗaga ƙafarsa ɗaya da ayan soda tukunna don koyil ɗin yana ruɗa awo. In ka sa mita a awon dayod, mai lafiya zai baka volt 0.4 zuwa 0.7 ta gefe ɗaya, ka juya wayoyin mitar ba komai. Sifili ta ko'ina, ya mutu.

Wajen sa sabon dayod, gefen da aka zana wa zobe a jikinsa yana bin wayar wuta. Ka juya shi, transistar dake kunna koyil ɗin ta tafi, ita ma auna ta kafin ka rufe.